Jan Tabo a Gilashin Falo

Laraba da dare, Gwallameji

Barci ya ƙi zuwa. Da sassafe, cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, na sa Baba Yohanna ya wanke mini tagogin falo saboda surukaina za su zo. Ruwan tanki na ba shi, alhali ga ruwan zafi cike da fulas.

Da ya gama na hango jan tabo a gilashi, na ce, "Baba, wannan wane irin aiki ne?"

Ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya," ya sake tsoma hannu a bokiti.

Sai da ya miƙo mini tsumman na ga yatsunsa duk sun farfashe. Ashe jininsa ne.

Baƙi sun yi ta yaba tagogin. Ni kuwa har da cewa na gode.