Tabon da ke damtsen yayata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman manyanmu da ke nan, domin abin da kunnena ya jiye min kwanan nan ya hana ni sukuni.

Ni mace ce, na ba hamsin baya da daɗewa, ina aure a Katsina amma asalinmu mutanen Karare ne ta wajen Batsari. Mu uku muka rage a ɗakinmu, babban yayanmu namiji, sai yayata da zan kira Hajo, sai ni auta. Hajo makauniya ce, kuma ba haka aka haife ta ba, agana ce ta cinye mata ido tana ƙarama. Yaran yanzu ba ku san agana ba, ku gode wa Allah, ciwo ne da in bai kashe mutum ba zai bar masa fuska duk ramuka, wani kuma ya tafi da idonsa.

A wancan zamanin, bayan Turawa sun tafi, tun ana kashe fam da sule, gwamnati ta fito da lamba, wato rigakafin agana. Masu lamba kan zo da wani ƙarfe kamar bindiga su harba maka a damtse, wurin ya yi ƙurji, ya warke ya bar tabo. To tabon nan shi ne shaidarka. Ranar kasuwar Batsari duba-gari na tsaye a bakin hanya, sai ka ɗaga hannun riga, in babu tabo ba ka shiga, mota ma ba a ɗaukarka. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya aiki yayanmu, lokacin yana saurayi, ya kai Hajo a yi musu tare. Ni ina goye, daga baya aka yi min tare da innarmu. Yaya da Hajo suka dawo kowa da damtse a ɗaure da tsumma, bayan an gama cirar gyaɗa agana ta shigo gari, ta kama Hajo.

Tun daga nan magana ta zauna a gidanmu da ma garin, wai an yi wa Hajo lamba ta makance. Ita kanta haka ta yarda, takan ce har yau tana tuna zafin, kamar wuta. 'Ya'yanta ba wanda aka yi wa rigakafi, jikokinta ma in masu allura suka shigo sai ta sa a rufe gida, bara ƙyanda ta ɗauke mata jika guda. Kuma mai zuga ta ba kowa ba ne sai yayan namu. In ya zauna a majalisa ya baza babbar riga, sai ka ji yana cika baki wai shi ba labari aka ba shi ba, ga ƙanwarsa nan shaida.

Bana ɗansa ya biya masa Umara, aka ce sai da katin allura. Sai ga shi takanas har gidana, wai ɗana da ke aikin asibiti ya buga masa hatimi ba tare da an taɓa shi ba, don kada a ji a Karare an yi wa kamarsa allura. Na ce masa Yaya wannan ba zai yiwu ba, aikin yaro za ka jawo wa matsala. Yana cin tuwona yana dariya, wai mu 'yan birni tsoro ya yi mana yawa, ai shi tun yana saurayi yake yi wa gwamnati wayo. Ya ce ranar da Baba ya aike su, ya tarar layi ya yi tsawo, ga dambe ana yi a bayan kasuwa, sai ya ja Hajo maƙerar abokinsa, aka sa kan ƙusa a wuta, aka ɗan dangwala masa, ita kuma aka danne ta aka manna mata, ya ce mata lambar ke nan. Har da tafa hannu, wai duba-gari bai taɓa ganewa ba.

Na ce ke nan Hajo ba a taɓa yi mata lamba ba. Sai a lokacin ya ankara da abin da bakinsa ya furta. Na ɗauka zai yi salati ko idonsa ya kawo ruwa, ina, sai ya haɗe rai wai ƙaddara ce, abin da ya wuce ya wuce, in na kai mata maganar ni ce mai raba zumunci, sannan ya ce a ƙara masa miya. Dattijo da furfura har gemu, ya sayar da idon yarinya saboda kallon dambe, ya shekara hamsin da ɗoriya yana ɗora wa bayin Allah laifi, yanzu kuma Ɗakin Allah zai dosa da katin ƙarya. Tun ranar ko sunansa na gani a waya sai in ji ƙyama, ban ƙara ganinsa da kima ko ta ƙwayar gero ba. Katin kam na hana, wannan ba shi ne damuwata ba.

Damuwata Hajo ce. Mijina ya ce in yi shiru, ta tsufa, ga hawan jini, kuma duk duniya ba wanda take ƙauna kamar yayan nan, kullum tana ba da labarin yadda ya goyo ta daga Batsari ranar tana kuka. Amma akwai jariri a gidanta yanzu, kuma na san in masu allura suka zo za ta sake sa a rufe ƙofa. Na je Karare da niyyar faɗa mata, na tarar da shi a ɗakinta ya zo sallama. A gabana ta kama hannunsa ta ɗora a kan tabon, ta ce Yaya in ka je gaban Ka'aba ka roƙa min Allah ya bi min haƙƙina a kan wanda ya yi min wannan. Shi kuma ko kunya, ya ce in sha Allahu.

Jama'a, in faɗa mata cewa wanda ta aika ɗin shi ne ya cuce ta, ko in bar ta ta mutu tana sa masa albarka?