Awa Biyar Daga Jidda

Tudun Wada, Zariya
Litinin

Zuwa ga 'yata Hanifa,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Yau na tashi da sauƙin ƙafa, amma idon hagu ya bi sahun na dama. Likita ya ce a yi aiki ranar Alhamis, kuma bai ɓoye mini ba: ana iya kwance bandeji in gani, ana iya kwancewa shi ke nan.

Na sa Chinwe mai shagon ƙofar gida, wadda ke ɗaukar hoton wasiƙun nan ta tura miki, ta duba mini a wayarta. Wai daga Jidda zuwa Kano kilomita dubu uku ne da ɗari huɗu da wani abu, tafiyar awa biyar da 'yan mintoci. Hanifa, lokacin da nake aikin reluwe, jirgin Legas kwana yake yi a hanya, kuma mutane suna zuwa ganin iyayensu. In kin yi asuba a can, da ni za ki yi la'asar. Ina so in ga fuskarki kafin su taɓa idon.

Mahaifinki,
Nagoda

Jidda
Talata

Baba,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi kuka da na karanta. Na kama kujera a jirgin Juma'a, zai sauka Kano da azahar. Amma Baba, fasfo ɗina yana ofishin asibitin da nake aiki, kuma shugabarmu ba ta sa hannu a takardar hutuna ba tukuna. Ta ce za ta duba. Don Allah kada ka ɗaga aikin saboda ni. Ka je ranar Alhamis.

'Yarka,
Hanifa

Laraba

Hanifa,

Na gode, Allah ya yi miki albarka. Na je na shaida wa likita sai bayan Juma'a. Ya yi faɗa, ya ce, “Baba, idon nan ba ya jira, kuma layi ya cika sai bayan wata biyu.” Na ce masa na shekara talatin a tasha, ban taɓa ganin mai tikiti a hannu ya kwana a gida ba. Gwaggonki Larai za ta zo ta yi miki miyar zogale.

Mahaifinki

Asabar

Hanifa,

Jiki da sauƙi. Jiya na sa aka fitar mini da kujera bakin titi tun da aka sauko daga masallaci. Chinwe ta ce jirgin ya sauka a kan lokaci. Na ba motar Kano awa uku, na ƙara mata biyu saboda hanya. Duk wadda ta tsaya sai in miƙe. Da magariba Larai ta kama hannuna muka shiga, don na daina rarrabe mota da mutum.

Ba ki iso ba. In kin rubuto, ki yi manyan baƙaƙe.

Mahaifinki,
Nagoda