Tabarmar Makokin Yaya Usmanu

Zuwa ga Kawu Sa'idu a Jidda, daga 'yarka Hadiza.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya ƙafar Goggo Rabi? Mu nan ƙauye lafiya lau, sai haƙurin rashin Yaya Usmanu.

Sai ranar makokinsa a birnin Wad Madani na gane abin da ya yi mana. Na shiga wurin mata, na zauna a tabarmar 'yan gida don a yi mini gaisuwa. Wata ta taɓa kafaɗata, ta ce da Larabci, "Hajja, masu aiki suna baya," ta miƙo mini faranti cike da kofunan shayi. Na ce ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbar 'yarsa ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Babanmu ba shi da dangi Fallata." Ka san sunan rainin da suke kiranmu da shi ke nan, mu da kakanninmu suka zo ƙasar nan daga yamma.

Kawu, shekara ashirin yana koyar da ilimin kuɗi a jami'a, yana rubutu kan abin da ke karya darajar kuɗin ƙasar nan, har ya zama farfesa. Mu da muka tsinci auduga a Wad Haddad don ya yi karatu, ko sunanmu bai taɓa faɗa wa 'ya'yansa ba. Ashe shi ya sa kullum shi kaɗai yake zuwa gida. Na raba shayin, na wanke kofunan, na hau mota ina kukansa.

Ku sa shi a addu'a, Allah Ya yafe masa. A gaida su Hajara da sauran yaran gida. Inna tana ta tambaya yaushe jikokinta za su zo mata gaisuwa. Har yau ban faɗa mata ba su ma san da mu ba.