Ka Ƙwace Mini Takwara

Zuwa ga Saje Hamisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in kawo ƙararka wurinka, tunda babu alƙalin da zai saurare ni.

Ranar Asabar aka yi sunan jikana na fari, ɗan wajen Nura. Ka san yadda muke yi, sunan kaka ake mayarwa. Na sa babbar riga, na zauna kusa da liman ina gyara hula, har fuskar da zan yi idan an ambace ni na shirya. Sai liman ya ce an raɗa wa yaro Hamisu. Jama'a suka shafa fatiha, ni ma na shafa. To ya zan yi?

Kai fa, da muka tashi tare a bayan Kusugu. Kai da in masu allura suka zo makaranta sai an jawo ka daga ƙarƙashin benci. Ni na karanta tarihin mazan jiya, ni nake koyar da shi. Kai ba ka taɓa kai littafi ƙarshe ba, kullum sai ka ce, "Malam, karanta ka ba ni labari."

Ga shi naka labarin wani ya ba ni. Wani kofur mutumin Baure ya zo ta'aziyya yana ɗingishi. Ya ce da aka yi muku kwanton ɓauna, ka kora yaranka su tsallake gada, kai ka tsaya kan bindigar mota ka tare maharan. Sun yi ta kiranka, ka ƙi saukowa. Nura yana zaune yana ji. Ashe tun ranar na rasa takwara.

Kishi nake yi da kai, Hamisu. Ka tafi ba furfura, ba ciwon gwiwa, ni ina nan ina tsufa a gaban allo.

Sai dai ka manta abu ɗaya: kaka da jika abokan wasa ne. Iyayensa suna jin nauyin sunan, Abba suke ce masa. Ni kaɗai nake kiransa gatsal. Jiya na ɗauke shi ya tsala kuka, na ce, "Hamisu matsoraci, allura ka gani?" Tun da ka tafi ban sami wanda zan faɗa wa haka ba.

Allah ya karɓi shahadarka, ya haskaka makwancinka, ya raya takwaranka, ya bar mini shi in yi ta tsokana.

Abokinka da ka yi wa ƙwace,
Malam Bala