Ni da Lauya Ochanda

Litinin, 13 ga Fabrairu

Na sa hannu! Ni Adoyo, mai sayar da kifi a bakin tafki a Dunga, yau na sayi fili a Mamboleo. Sa hannun ma a karkace ya fito kamar tafiyar ƙaguwa.

Shekara goma sha ɗaya nake tarawa, tun rasuwar mijina, baban 'yata Awuor. Ɗakin sanyi zan gina a wurin. Karfasa da giwan ruwa ba za su ƙara lalace mini a kwando ba ina kallo. Da zarar takardar mallaka ta fito, ƙungiyarmu ta ajiya za ta ba ni rancen gini.

Lauya Ochanda ne ya riƙe mini cinikin. Dattijon cocinmu ne, shi ke jan waƙa. Ya ce sati shida takarda za ta fito da sunana. Na tambayi kuɗin aikinsa, ya kaɗa hannu, wai "Haba Mama Awuor, tsakaninmu? Ba zai wuce shilin dubu sittin ba."

Na hau boda zuwa gida ina ta murmushi ni kaɗai. Mai babur ya ce ko ɗaurin aure zan je.

Juma'a, 5 ga Mayu

Sati goma sha ɗaya. Sakatariyarsa ta ce yana kotu. Kullum yana kotu.

Talata, 18 ga Yuli

Maginin da zai yi mini aiki ya kawo safiyo su auna inda za a haƙa tushe. Safiyon ya ja igiyarsa, ya duba taswira, ya sake ja, sannan ya cire hula ya sosa kai. Wai mita shida na gaban filin ba nawa ba ne, an ware shi don faɗaɗa hanya. Daidai inda motar kifi za ta riƙa tsayawa!

Na zauna a kan dutse. Ban yi kuka ba, amma na daɗe ban tashi ba.

Lauyan da na ɗauka don ya duba mini takardu, me ya duba?

Laraba, 2 ga Agusta

Takardar mallaka ta fito! Na gan ta da idona, da sunana a jiki, Perpetua Adoyo. Amma ba ta zo hannuna ba. Ochanda ya ɗora tafinsa a kanta, ya turo mini wata takardar daban.

Dubu ɗari biyu da goma sha huɗu.

Na ce, "Lauya, ko dai an haɗa da kuɗin wani ne?"

Ya ce aiki ya yi yawa fiye da yadda ya zata. Na ce mita shidan fa? Ya ce ya faɗa mini in nemi safiyo tun kafin in biya. Ƙarya! Yaushe? Ya ce ba zai yi musu da ni ba, in na biya in karɓi takardata. Ya buɗe durowa ya sa ta, ya murɗa makulli a gabana.

Ƙarar makullin nan har yanzu tana kunnena.

Alhamis, 3 ga Agusta

Na kira Awuor a Eldoret. 'Yar da na haifa, wai "Mama, ki biya kawai. Lauya ne fa. Wa ya taɓa ja da lauya ya ci?" Na kashe waya.

Juma'a, 4 ga Agusta

Allah mai iko! Mzee Obiero, tsohon da ke zuwa sayen kan kifi duk Juma'a, ashe shekara talatin ya yi yana aikin akawu a kotu. Ni da nake ƙara masa kai ɗaya kyauta don na zata ba shi da kowa!

Ya ga fuskata ya ce, "Nyaseme, wa ya taɓa ki?" Da sunan garinmu yake kirana tun ranar da ya san ni 'yar Seme ce. Na miƙa masa takardar. Ya sa tabarau, ya karanta, sai dariya har da tari.

"Zama tara da ke? Hoton takardu shafi ɗari shida da arba'in? Littafi ya wallafa miki?"

Ya ce ashe kuɗin lauya ma ana kai shi gaban magatakardar kotu a tace shi layi-layi. Akwai ma'auni. Kuma ba sai na ɗauki wani lauyan ba, ni da bakina zan iya tsayawa.

Ni! A kotu! Na ba shi kai huɗu, na ƙi karɓar ko sisi.

Lahadi, 6 ga Agusta

Ochanda ya ja waƙa a coci yau kamar ba abin da ya faru, har da lumshe ido. Da aka zo gaisuwar salama ya miƙo hannu, "Salama, Mama Awuor." Na ce, "Salama, Lauya. Wannan gaisuwar nawa za ka rubuta?" Matar da ke kusa da ni ta cusa fuska cikin mayafi.

Na nemi gafarar Allah daga baya. Ba sosai ba.

Litinin, 14 ga Agusta

Ni da Mzee mun mai da teburin kifina ofis. Na wanke shi da omo sau biyu, amma duk da haka takardun ƙarni suke yi.

Turancin ne matsala. A aji shida na tsaya, kuma irin na lauyoyi ba irin na allon kanti ba ne. Mzee ke karantawa yana juya mini, ni kuma ina tuno ranaku. Nan na fi shi. Duk ranar da na je ofishin Ochanda na bar teburina wa maƙwabciya, kuma tana cikin littafin cinikina. Sau huɗu na gan shi ido da ido. Sauran biyar ɗin a benci na zauna ina kallon kalanda har aka tashi. Ashe zaman benci ma dubu biyar-biyar ne!

Mzee ya ce, "Da kin yi karatu, Nyaseme, da mun shiga uku."

Daɗi ya kama ni, har na yi wa wata ragi ba ta nema ba.

Juma'a, 25 ga Agusta

An kai takardu kotu, an buga hatimi. An ba mu rana, 26 ga Satumba. Duk kasuwa ta ji. Yanzu in na wuce sai masu soya kifi su ce, "A ba Lauya hanya!" Ina yi musu tsawa, amma ina rage sauri don su ƙara.

Talata, 12 ga Satumba

Kwando biyu sun lalace yau, ƙanƙara ba ta zo ba. Da ɗakin sanyina na tsaye...

Ƙungiya ta ce in takarda ba ta zo ba kafin ƙarshen Oktoba, rancen zai koma kan wata. Shekara mai zuwa kuma kowa da layinsa.

Na ɗinka sabuwar riga duk da haka. Shuɗiya, mai kwala.

Lahadi, 24 ga Satumba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Bayan coci na zazzage tsohuwar jakata ina neman rasidin safiyo. A can ƙasa, ƙarƙashin ledoji, ga ambulan a rufe, ya yi laushi da danshi. Tambarin ofishin Ochanda. Sai na tuna. Sakatariyarsa ce ta ba ni, tun kafin in biya kuɗin fili. Na ga Turanci ne zai fito, ga mutane a wurin, na cusa a jaka na ce sai na je gida.

Na kai wa Mzee. Ya karanta bai yi dariya ba. Layi biyar ne. Wai yana ba ni shawara in ɗauki safiyo ya auna kafin in biya, don filayen bakin hanyar nan ana yawan samun matsala da su.

Wata bakwai wasiƙar tana jakata. Tare muka je ofishinsa ranar da na ce masa ƙarya yake yi.

Mzee ya ce, a amsar da Ochanda ya kai kotu bai haɗa da kwafin wasiƙar ba, da alama ofishinsa sun ɓatar. Na ce to me zan yi? Ya ninke ta ya miƙo mini. "Taki ce, Nyaseme. Ni ban ga komai ba sai kin ce na gani."

Litinin, 25 ga Satumba

Murhu yana ci na tsaya a kansa da wasiƙar a hannu. Tuwon ugali ya kama ƙasa. Ban jefa ba, ban kuma yanke komai ba.

Talata, 26 ga Satumba

Kai! Yau rana ce! Bari in bi a hankali kada in manta wani abu.

Ba babban zauren kotu ba ne, ɗaki ne da dogon tebur da fanka mai ƙara. Magatakardar mace ce, ba za ta girmi Awuor da yawa ba. Ochanda ya zo da kwat da fayil mai kauri. Ni da shuɗiyar rigata da littafin ciniki. Mzee a baya, an ce kada ya yi magana. Ta ba ni izinin yin Swahili.

Da aka zo maganar zama tara sai bakina ya buɗe. Na karanto ranakun ɗaya bayan ɗaya. Na ce ranar tara ga Mayu da ya rubuta mun zauna awa biyu, yana Nairobi, sakatariyarsa ce ta faɗa mini, na rubuta a nan kusa da kuɗin ƙanƙara. Magatakarda ta karɓi littafin da yatsa biyu saboda ƙarni, ta duba, ta dube shi. Ta ja layi. Ta sake ja. Biyar ta soke! Shafi ɗari shida da arba'in kuma ta ce ya nuna mata. Aka ƙirga fayil, tamanin da uku. Na ji Mzee ya yi tari a baya, na san wane irin tari ne.

Wata biyar da rabi maimakon sati shida, ta tambaye shi dalili. Ya ce ofishin filaye. Ta ce hatimi ya nuna sai a watan Yuni ya kai takardun.

Sai aka zo kan mita shida. Ya ce ya rubuta mini gargaɗi. Ta ce ina kwafi? Ya shiga juya fayil, gaba, baya, gaba. Zufa ta jiƙa masa kwala. Ban taɓa lura ya tsufa haka ba. Ya ce a hankali, "Na san na rubuta." Ba da ita yake ba, da kansa yake.

Ta ɗaga biro za ta soke masa kuɗin binciken takardu.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, ga ta. Ya rubuta. Ni ce ban buɗe ba."

Ta karanta. Ta ce, "Mama, kin san wannan ba zai taimake ki ba?" Na ce na sani. Ta tambayi me ya hana ni buɗewa. Na faɗa mata gaskiya, a gaban Ochanda, cewa kunya ce. Fuskata kamar an watsa mata ruwan zafi.

Ta ce lauyan da ya san wadda yake wa aiki, da baki ya kamata ya ƙara faɗa mata, amma ba za ta ce bai yi gargaɗi ba. Kuɗin binciken takardu ta bar masa cif.

Dubu casa'in da bakwai. Daga ɗari biyu da goma sha huɗu!

A bakin matakala Ochanda ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Mama Awuor, da kin yi shiru ba wanda zai sani." Na ce, "Zaman bencin nan biyar dai ban yafe ba." Ya ce, "Kina da gaskiya." Lauya ne ya ce mini haka!

Na kai Mzee ya ci nama ya sha lemo. Na kira Awuor, ta yi ta ihu har abokan aikinta suka zata haihuwa aka yi.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na biya. Takarda tana hannuna, ƙungiya ta gani, magini zai ja ginin baya da mita shida. Ɗakin zai ragu kaɗan. Zai yi.

Da na karɓa ban tashi ba. Na zauna a ofishinsa na bi ta da yatsa daga sama har ƙasa. Na fi rabin awa. Kalma uku suka gagare ni, na tambaye shi, ya bayyana mini bai dubi agogo ba. Na ce kada in ga wannan a takardar kuɗi. Ya ce, "Na tuba."

Har yanzu ina ganin ya cuce ni da jinkirin nan, kuma ba zan fasa faɗa ba.

Da rana na aika wa matarsa karfasa biyu. Ba sulhu ba ne, kifi ne ya yi mini yawa yau. Manyan ne suka tafi, amma don su ne a saman kwando.