Lambun Bayan Gida

Bakura, Fabrairu 1979

Zuwa ga Yayata Zainabu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Bello da yara, kamar yadda muke nan lafiya. Yaya Gusau, yaya hidimar gida? Inna, mahaifiyar maigida, tana gaishe ki.

Bayan gaisuwa, kin tambayi halin da muke ciki. Yaya, gonar maigidana, Baban Fatima, har yanzu tana hannun masu aikin dam. Sun sa katafila sun baje ta, sun ce a jira su gama hanyoyin ruwa sannan su mayar wa kowa tasa. Damina ta wuce bai jefa ƙwaya ɗaya a ƙasa ba. Ɗorawar nan da kuka da ke bakin gonar duk sun kayar. Gulbi ma tun da aka tare shi ya daina hawa fadama.

Da na ga hatsin rumbu yana ja da baya, sai na share bayan gida kusa da rijiya, na yi danga da kara, na shuka tumatir da kuɓewa da albasa da barkono. Safe da yamma ina kan guga, har tafin hannuna ya tsage. Abin da muka tsinka, Inna ta yanka, ni in hau soro in shanya. Tumatir mu yi kauɗa, kuɓewa mu busar, lawashin albasa mu daka mu cura gabu. Ran Talata, Adama matar Buba maƙwabcinmu takan haɗa da nata ta kai kasuwar Mafara, ta musanyo mana gero.

Shi kuwa maigida, zama ya fi yunwa cin sa. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, yanzu sai ya wasa fartanya, ya rataye, gobe ya sauko da ita ya sake wasawa. In na wuce da tulu sai ya kau da kai.

Idan kin samu mai zuwa, ki aiko mini da kalwa, don rabon miyarmu da daddawa tun kaka.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Taiba

Bakura, Yuni 1979

Zuwa ga Yaya Zainabu,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Yaya jikin autanki? Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙo ya iso, Allah Ya saka da alheri.

Yaya, na gaji. Ruwan farko ya zo mana ba shiri, da la'asar, ina can ina yi wa Inna wanka. Shanyar ƙarshe ce ta rani, wadda na sa ran za ta kai mu kaka. Kafin in hau soro iska ta kwashe tabarma guda, sauran kuma sun jiƙe sharkaf. Na baza su a ɗaki, na hura wuta kusa, duk da haka rabin kauɗar ta yi fumfuna. Na zauna ina tsince mai kyau ina kuka, 'yata Fatima tana taya ni kukan ba ta san dalili ba.

Baban Fatima yana zaure sa'ad da hadarin ya taso. Na tambaye shi me ya hana shi hawa ya kwashe, ya ce shi ba a haife shi don gadin tumatir ba. Na ce to tumatirin ne ke ci da gidan nan. A gaban Inna na faɗa. Tsohuwa ta sunkuyar da kai, shi kuma ya fice, bai ci tuwon ranar ba. Har yau muna gaisawa ne kamar baƙi.

An yi masa tayin aikin lebura a wajen haƙar hanyar ruwa, ya ƙi. Wai ba zai riƙe shebur a kan gonar ubansa wani yana ba shi umarni ba. Yanzu kullum suna taro da su Buba a kan maganar gonaki, ya dawo idanu jajur.

Na ji shawarar Malam Bello cewa mu komo Gusau ya sama masa wuri a kasuwa. Na gwada masa maganar, ya ce in ya tashi wa zai karɓi gonar ran da za a mayar? Inna ma ba ta iya doguwar tafiya. Ki yi masa godiya dai.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Taiba

Bakura, Mayu 1980

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini jinkirin amsa, na san hankalinki ya tashi da abin da kuka ji.

Gaskiya ne, Baban Fatima yana cikin manoman da suka tare wa masu aikin dam hanya. Da safe ya fita shi da Buba, na zuba masa fura a buta. Da hantsi muka fara jin ƙarar bindiga daga nesa, mutane suna shigowa gari a guje suna cewa an buɗe wa manoma wuta. Ni da Adama muka tsaya a bakin danga har rana ta faɗi, ba wanda ya iya gaya mana komai. Sai bayan kwanaki wani mai jaki daga Morai ya kawo mana shi. Shi kaɗai. Buba ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Adama tana takaba, ita da 'ya'yanta tukunya ɗaya muke ci yanzu.

Baban Fatima ya rayu, alhamdu lillahi, amma hannunsa na dama ya lalace. Raunin ya warke, yatsun ne suka ƙi lanƙwasuwa. Ko cokali ba ya riƙewa da shi.

Sai ga shi makon jiya an kira shi an nuna masa gona. Ba a inda tamu take ba, kuma jar ƙasa ce, an kankare baƙar. Ya je ya gani, ya dawo ya zauna a gindin rumbu. Damina ga ta a ƙofa. In ba a shuka ba, an ce za a ba wani.

Jiya na same shi na ce ni zan fita. Kin san tun da aka kawo ni gidan nan ban taka gona da fartanya ba. Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya ce, “To lambun fa? Wa zai kula da shanya?” Na ce Inna za ta yanka, saura mai hawa soro.

Yau da safe ya hau. Da hannu ɗaya ya kama tsani, ni ina riƙe da shi daga ƙasa. Ya baza kuɓewar da hagu, a hankali, kamar mai gudun kada ya ji mata ciwo. Can ya leƙo ya ce, “Taiba, yaya ake gane ta bushe?” Na ce in ka matsa ta tsakanin yatsu ta karye. Sai ya ɗaga hannun nan ya dube shi. Na so in haɗiye maganata. Ya jinjina kai, ya ce, “Da hagu ma za ta karye.”

Gobe da asuba zan fita. Bayana yana ciwo tun ban fara ba. Ki roƙa mana ruwa mai albarka, ki roƙa mini ƙarfi.

Inna da Adama suna gaishe ki. Shi ma ya ce in gaishe ki, daga kan soro.

Ƙanwarki har kullum,
Taiba