Na Gyara a Ɓoye, Yanzu Ana Ce Mata Maƙaryaciya

Mama Injiniya, don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis. Kwana tara ke nan ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Ni ke kula da kwamfutoci a wani ofishin masu awon filaye a Dugbe, nan Ibadan. Bara na rubuta wata 'yar manhaja da yaren kwamfuta na shell, na sa mata suna share.sh, tana goge tsofaffin taswirori idan babbar kwamfuta ta cika. Abu biyu ake ba ta, sunan folda da zaɓi mai karan ɗori a gaba. Idan ka sa -n, gwaji ne kawai, za ta jero abin da za ta goge ba tare da ta taɓa komai ba. Da wani umarni mai suna getopts manhajar take karanta zaɓin. Ashe shi getopts da zarar ya ci karo da kalma marar karan ɗori sai ya daina karatu, duk abin da ya biyo baya ba ruwansa. Ni kullum -n nake fara sawa, shi ya sa ban taɓa lura ba.

Akwai Anti Morenike. Ta girme ni da shekara ashirin, ita ta samo mini aikin nan, har gobe sai na rusuna nake gaishe ta. Hannunta ya saba da sa folda a gaba, zaɓi a baya, yadda umarnai irin su ls da cp suke karɓa a kwamfutocinmu. Litinin ta makon jiya ta rubuta share.sh taswira/2019 -n. Mama, aikin shekara guda ya tafi, ajiyarmu ta biyu mai kwafin taswirorin kuma ashe ta daɗe da lalacewa. Ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Ɗana, zo ka duba mini, na sa -n ko ban sa ba?" Na ce kin sa, Anti. A nan take na gane daga inda ɓarnar ta fito, amma na ɓoye wa kowa.

Ga inda na kashe kaina. Da kowa ya fita cin amala, na zauna na gyara manhajar, ta koma karɓar -n ko'ina aka sa shi. Wallahi tunanina kada abin ya sake faruwa ne, ko dai haka nake gaya wa kaina. Washegari Oga Ajadi, mai ofishin, ya sa aka maimaita umarninta harafi da harafi a kan foldar gwaji. Manhajar ta jero sunaye, ba ta goge ko ɗaya ba. Oga ya cire tabarau ya ce, "To Madam, tsakanin ke da kwamfuta wa ke ƙarya?"

Yanzu an dakatar da ita. Ana ta ƙus-ƙus wai saye ta aka yi ta ɓatar da taswirar wani fili da ake shari'a a kansa a Akobo. Matar da ko biron ofis ba ta tafiya da shi gida! Ranar Alhamis wani ƙwararre zai zo daga Legas ya bincika, manhajar kuma tana ɗauke da ranar ƙarshe da aka taɓa ta. Na san yadda ake mayar da ranar baya. Jiya Anti ta kira ni ta ce, "Kai kaɗai ka yarda da ni a ofishin nan." Matata na da cikin wata takwas. Mama, in mayar da ranar, ko in bar abin ya tafi yadda zai tafi?

Mai fargaba daga Dugbe

Ɗana mai fargaba,

Kada ka taɓa ranar nan. Ƙwararre ba wuri ɗaya yake dubawa ba, kuma ranar da ya kama ka, maganar filin Akobo kanka za ta dawo.

Bari in raba maka kayanka gida biyu. Na farko kuskure ne, kuma ba kai ka fara shi ba, getopts ya sha kayar da waɗanda suka fi ka. Ofishin da ya bar ajiyarsa ta lalace ba wanda ya duba, shi ma yana da kasonsa, ka faɗi haka ba tare da rashin kunya ba. Tsoronka ma na gane shi, mai jiran haihuwa ba ya wasa da aiki. Amma na biyun ba kuskure ba ne. Gyaran da ka yi ya share shaidar da take da ita tilo, kana tsaye aka ce mata maƙaryaciya.

Gobe da safe ka fara da gidan Anti Morenike, ka kwanta ƙasa yadda kuke yi wa manya, ka faɗa mata komai da bakinka. Daga nan sai wurin Oga. Ka dawo da tsohon rubutun manhajar, ka maimaita umarninta a kan foldar gwaji, ya ga gogewar da idonsa. Kada a ƙara rubuta komai a faifan babbar kwamfutar, wataƙila ƙwararren ya ceto wani abu.

Manhajar kuma, idan an bar ka da ita: bayan getopts ya gama, ka yi shift don kawar da zaɓin da aka karanta, ka ƙirga abin da ya rage. Folda ɗaya kake jira, in ka ga biyu ta ƙi aiki ta faɗi dalili. In kalma mai karan ɗori ta zo a baya, manhajar ta tsaya, sai dai in an sa -- don nuna zaɓi ya ƙare. Gwaji ya zama shi ne aikinta na kullum, gogewa sai an nema da gangan.

Ba zan ce maka aikinka zai tsira ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne, in ka yi magana Laraba, kai mai kuskure ne da ya ji tsoro. In aka gano ranar Alhamis, kai ne wanda ya haƙa mata rami. Aiki ana sake samu a Ibadan, amma mace mai shekarunta in aka kore ta da sunan cin amana, babu ofishin da zai sake ba ta kujera.

Allah ya sauki matarka lafiya, ya ba ka ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar nan.

Mama Injiniya